FILIN SANI DA SANA'A: In batirin babur mai litiyom ya kwanta, yaya ake tada shi?

Filin wannan wata zai yi magana a kan batirin babur, irin sabon nan mara nauyi da ake kira litiyom.

Kowa ya san ƙasar Damargu ƙasa ce mai faɗi. Daga Tanut zuwa birnin Damagaram kusan kilomita 150 ne. Belbeji ta samu gundumarta tun shekarar 2011, amma wannan bai rage nisan da ke tsakanin ruga da gidan likita ba. A ƙauyukan Tarka, da Gangara, da Olelewa, da Falanko, da rugagen Tenhiya, babur shi ne mai kai mace mai naƙuda asibiti. Shi ne mai ɗauko maganin dabbobi. Shi ne mai zuwa duba inda ruwa ya sauka kafin a kori garke. Babur ɗin da ya ƙi tashi da tsakar dare, ko ya tashi babu fitila, abin tsoro ne ga gida duka.

BATIR IRI BIYU NE

Na farko shi ne tsohon da kowa ya sani. Yana da nauyi. A cikinsa akwai dalma da ruwan batir mai cin tufafi. Yawancin baburan da ke shigowa ƙasar nan da shi suke zuwa.

Na biyu shi ne na litiyom. Litiyom wani ƙarfe ne mara nauyi da ake haƙowa daga ƙasa. Kamfanin Sony na ƙasar Japan ne ya fara sayar da irin wannan batir a shekarar 1991. Shi ne a cikin wayar hannu da fitilar da ke caji da rana. A watan Disamba na 2024 an buɗe babban wurin haƙo litiyom a Gulamina ta ƙasar Mali.

Wanda ake sa wa babur, yawanci an rubuta LiFePO4 ko LFP a jikinsa. Nauyinsa kamar kashi ɗaya cikin uku ne na mai dalma. Ba a zuba masa ruwa. Ya fi tsada. In an kula da shi ya fi daɗewa. Amma halinsa dabam ne, kuma wanda ya yi masa irin jiyyar da ake yi wa mai dalma zai kashe shi.

Ga bambanci na farko. Mai dalma yana faɗakar da mai shi kafin ya kwanta: fitila ta dusashe, ham ya shaƙe. Na litiyom ba ya faɗakarwa. Fitilarsa tana haske tar har wutar ta kusa ƙarewa, sa'an nan ya yanke gaba ɗaya.

ME KE KWANTAR DA SHI?

Abu na farko shi ne doguwar ajiya. Da an gama girbi, samari su tafi cin rani Damagaram, ko Agadas, ko Kano, ko Libiya, ko Aljeriya. Tun 2014 da aka ga zinariya a Jado, wasu kan bi wuraren haƙo zinariya na arewa. Da damina kuma makiyaya su hau arewa da dabbobi, wasu har Ingal wajen lasar gishiri a watan Satumba. Babur ya zauna a zaure wata uku, wata biyar.

Mai shi yana tsammanin tunda ya zare makulli, wuta ba ta tafiya. To, akwai ƙananan ɓarayi. Abin cajin waya da aka jona kai tsaye a kan batir, da abin kuka na hana sata, da ƙarin fitilun ado, da rediyo, duk suna iya shan wuta dare da rana ko makulli yana aljihu.

A ɗauki misali. A jikin batir akwai lamba tare da haruffa Ah. Ita ce ke nuna girman cikinsa. Batir mai Ah 3 kamar tulu ne mai ludayi 3000. A ce ƙaramin ɓarawo yana shan ludayi 5 kowace awa. A kwana ɗaya ya sha 120. A kwana 25 tulu ya bushe. Mai babur kuwa bai ko kai rabin tafiyarsa ba. Cikin batirin litiyom na babur yawanci bai kai na mai dalma girma ba, don haka ya fi saurin bushewa.

Abu na biyu shi ne mantuwa. A bar makulli a buɗe, fitila ta kwana a kunne.

Abu na uku shi ne nace wa maɓallin tayarwa. Inji ya ƙi tashi don fulogi ya yi datti ko mai ya ƙare, mutum ya yi ta dannawa har batir ya ƙare tas.

Abu na huɗu shi ne babur ɗin kansa. In regileta, wato abin daidaita wuta, ya lalace, babur yana tafiya amma ba ya mayar wa batir abin da ya ci.

ABIN DA KE FARUWA A CIKI

A cikin batirin akwai ƙwayoyi huɗu a jere. Ƙarfin wuta da volt ake auna shi, kamar yadda ake auna gero da tiya. Kowace ƙwaya tana ba da volt 3.2. Huɗu sun ba da 12.8.

Kowace ƙwaya tana da iyakar da bai kamata ta sauka ƙasa da ita ba, wato volt 2.5. Ga batir duka, volt 10 ke nan. In ta wuce nan sosai, kuma ta daɗe a haka, cikinta ya fara lalacewa. Akwai wani fallen jan ƙarfe siriri a ciki. Sai ya fara narkewa. Ranar da aka tura masa wuta da ƙarfi, jan ƙarfen ya sāke daskarewa, ya yi tsini kamar ƙaya. Ƙayar ta huda shamakin da ya raba gefe biyu na ƙwayar. Wuta ta haɗu a ciki. Batir ya yi zafi, ya kumbura, ya yi hayaƙi, wani lokaci har gobara. Ido ba ya ganin wannan daga waje, kuma yana iya faruwa bayan kwanaki, lokacin da batir yake ƙarƙashin kujera kusa da tankin mai.

Makiyaya ba su buƙatar dogon bayani a nan. Waɗanda suka ga farin 1973 da na 1984 sun san saniyar da yunwa ta kwantar. Ba a cika mata ciki rana ɗaya. Dusa kaɗan, ruwa kaɗan, a tallafe ta da itace har ƙafafunta su riƙe. Wadda aka saki ta ɗibi ɗanyen haki ba adadi, sau da yawa zawo ke ƙarasa ta. Kuma sun san akwai saniyar da ta riga ta wuce tashi. Haka batirin litiyom yake. Wani yana tashi da sannu. Wani ba ya tashi, kuma tilasta masa haɗari ne.

MAIGADI

Batura da yawa suna da wani ɗan allo a ciki. A jikin batir ko kwalinsa ana rubuta BMS. Aikinsa aikin maigadi ne. In ya ga wuta ta kusa iyaka, sai ya rufe ƙofa don kada ƙwayoyi su lalace. Daga waje batir ya zama kamar gawa. Ko fitila ba ta ƙyaftawa, abin awo ya nuna sifiri ko ƙaramar lamba. Alhali kuwa ƙwayoyin suna nan da rai.

Ba kowane batir ke da maigadi ba, musamman masu araha. Kuma ko da maigadi ya rufe ƙofa, in an bar batir wata da watanni a haka, ɗan abin da ya rage zai tsiyaye. Saboda haka batirin da ya yanke, a nema masa caji cikin kwanakin nan, kada a ce sai an sayar da wake.

A AUNA KAFIN A TAƁA

Masu gyaran babura da masu gyaran waya suna da abin awon wuta mai igiya biyu, ja da baƙa. Ja a kan alamar tarawa (+), baƙa a kan alamar ɗebewa (-). Duk wanda ya iya karanta lamba zai iya karanta shi. A bar batir ya huta kamar awa ɗaya kafin a auna.

1. Volt 13.2 zuwa sama: batir yana da wuta isasshiya. In babur ya ƙi tashi, a nemi ciwon a wani wuri.

2. Volt 12.8 zuwa 13: wuta ta yi ƙasa. A yi masa caji yau.

3. Volt 10 zuwa 12.8: ya kusa ƙarewa ko ya ƙare. Yana tashi in an bi shi da sannu.

4. Volt 8 zuwa 10: ya wuce iyaka. Yana iya tashi a hannun wanda ya sani, amma zai yiwu ƙarfinsa ya ragu har abada.

5. Ƙasa da volt 8, kuma batir ba shi da maigadi: a haƙura da shi.

6. Sifiri ko kusa da sifiri, kuma an rubuta BMS: zai yiwu maigadi ne ya rufe ƙofa. Sai an buɗe a san gaskiya.

A lura da wannan da kyau. Batir mai dalma in ya nuna 12.6, cike yake. Na litiyom in ya nuna 12.6, ya kusa bushewa. Makanikin da ya saba da mai dalma zai iya duba lambar ya ce lafiya lau. Mai babur ya tuna masa wane irin batir ne.

In akwai takardar da ta zo da batir, a bi lambobin da ke cikinta, don kamfani da kamfani sukan ɗan bambanta.

YADDA AKE TADA SHI

1. A fitar da batir daga babur. A fara kwance wayar ɗebewa (-), sa'an nan ta tarawa (+). Ranar mayarwa, a fara da tarawa.

2. A duba shi, a shafa shi, a sunsuna. In ya kumbura, ko ya tsage, ko wani wuri ya narke, ko yana wani ƙauri mai ɗan zaƙi, magana ta ƙare. Ba a yi masa caji.

3. A ajiye shi a inuwa har ya huce. Batirin litiyom ba ya son caji in zafinsa ya wuce digiri 45. A watan Afrilu da Mayu zafin Damargu kan wuce 40 a inuwa. Da bazara, a yi caji da sassafe ko bayan faɗuwar rana.

4. A ɗora shi a kan rairayi ko daɓe, a fili. A nisanta shi da zana, da kara, da harawa, da kwalaben mai.

5. A nemi caja da aka rubuta Lithium ko LiFePO4 a jikinta. Irin wannan caja ta san inda za ta tsaya. Wasu suna da maɓallin buɗe ƙofar maigadi. Wasu batura kuma suna da maɓallin a jikinsu.

6. Da ƙofa ta buɗe, a sāke aunawa nan take. In lamba ta yi tsalle zuwa 10 ko fiye, ƙwayoyi suna da rai. In ta tsaya can ƙasa, sun mutu.

7. A fara da wuta kaɗan. Yawan wutar da ke shiga da amper ake auna shi. Rabin amper ya isa, ƙasa da haka ma ya fi ga wanda ya wuce iyaka. A ci gaba a haka har lamba ta kai 12.8. Daga nan ana iya ƙarawa zuwa amper 1.

8. Mutum ya zauna kusa. Kowane kwata na awa ya ɗora bayan hannu a kan batir. Ɗan ɗumi ba kome ba ne. In ya yi zafin da hannu ba ya son daɗewa, a cire caja. In an yi awa biyu lamba ba ta hawa, a cire caja.

9. Caji ya tsaya a volt 14.4. Kada ya wuce 14.6 ko kaɗan.

10. A cire caja, a bar batir ya kwana a waje, ba a jone da kome ba. Da safe a auna. In ya nuna 13.2 ko fiye, alama ce mai kyau. A sāke aunawa bayan kwana uku. In ya sauka ƙasa da 13 ba tare da ya yi wani aiki ba, yana yoyo a ciki. Irin wannan ba a mayar da shi babur.

11. Kafin a gama, a auna babur ɗin. A tada inji, a ɗan ƙara mai, a ɗora abin awo a kan batir. Lamba ta tsaya tsakanin 13.5 da 14.6. In ta kasa, batir zai sāke kwanciya. In ta kai 15, regileta ya lalace, kuma zai dafa batir. A canza shi tukuna.

ABUBUWAN DA BA A YI

Ba a jona shi kai tsaye da farantin hasken rana. A ƙauyuka an saba yi wa batir mai dalma haka. Farantin da ake kira na volt 12 yana iya fitar da volt 18 har zuwa 22 da tsakar rana. Dole sai an bi ta akwatin daidaita wuta, wanda aka saita ga litiyom.

Ba a sa masa cajar batir mai dalma irin mai wanke batir. Wannan caja tana bugun batir da wuta mai wuce volt 15 don ta kankare dattin dalma. Ga litiyom, guba ce.

Ba a jan wuta daga mota mai inji a kunne. Ba a taɓa shi da injin walda.

Ba a haɗa tarawa da ɗebewa da guntun waya don a ga tartsatsi. Litiyom yana sakin wuta mai yawa lokaci ɗaya. Wayar tana iya yin ja ta ƙona hannu, maigadi kuma ya ƙone.

Ba a buɗe shi, ba a zuba masa ruwan batir, ba a shanya shi a rana.

In ya sauka ƙasa da volt 10, ba a buga babur da ƙafa a kama hanya a ce zai cika a tafiya. Babur bai san sannu ba. Zai tura masa wuta yadda ya samu.

IN YA FARA HAYAƘI

A kashe wuta daga wajen caja. A janye yara da dabbobi. Kada a tsaya inda iska ke kai hayaƙin, don yana cutar da ƙirji da idanu. In ya kama, a tsaya nesa a zuba rairayi ko ruwa mai yawa, bayan an tabbata caja ba ta jone. A bar shi a wurin har kwana ɗaya, don yana iya sāke tashi. Nau'in LiFePO4 bai kai batirin waya saurin kama wuta ba, amma wannan ba dalilin sakaci ba ne a garin da rumbu da danga duk na kara ne.

Mataccen batir ba a jefa shi a wuta, ko a rijiya, ko a tabki, ko a juji inda yara ke tono. A naɗe kawunansa biyu da salatif, a sa shi cikin gwangwani mai busasshen rairayi, nesa da ɗaki, har a kai wa mai karɓar tsofaffin batura.

RIGAKAFI YA FI MAGANI

Mai shirin tafiya ya yi abu uku. Ya tabbata batir yana nuna 13.2 ko fiye. Ya kwance wayar ɗebewa, ya naɗe bakinta. Ya ajiye babur ko batir a ɗakin ƙasa mai sanyi, ba ƙarƙashin kwano mai zafi ba. Aikin minti biyu ne da ƙaramar sifana ko sukundireba. Batirin litiyom da aka raba da wayarsa yana riƙe wutarsa watanni, don shi kansa kaɗan yake zubarwa. Wanda ya rage a gida ya kai shi awo bayan wata biyu ko uku.

Mai sa abin cajin waya ya gaya wa makanike ya jona shi ta bayan makulli, yadda in an kashe babur shi ma ya mutu.

Mai danna maɓallin tayarwa kada ya wuce ƙirga biyar. Ya huta rabin minti ya sāke. In sau uku bai tashi ba, ya buga da ƙafa ko ya duba fulogi da mai.

Da sanyin hunturu na Disamba da Janairu, litiyom kan yi kasala da asuba. Ba mutuwa ya yi ba. A kunna babbar fitila rabin minti, cikinsa ya ɗan ɗumama, sa'an nan a gwada.

Mai sayen sabo ya tambayi mai kanti abu uku: shin LiFePO4 ne? Shin yana da BMS? Ina cajarsa? Wanda garinsu babu irin wannan caja kuma babu mai abin awo kusa, batir mai dalma ya fi masa kwanciyar hankali. Masu babura na gari ɗaya kuwa suna iya haɗa kuɗi su sayi caja ɗaya da abin awo ɗaya, su damƙa wa mutum ɗaya mai amana wanda ya iya karanta lamba.

LISSAFIN WATA

Wani batir yana da ludayi 3000. Mai shi ya bar abin cajin waya da abin kuka a jone. Su biyu suna shan ludayi 10 kowace awa. Kwana nawa batir zai yi kafin ya bushe? In mai shi zai yi wata huɗu a cin rani, me ya kamata ya yi kafin ya tashi?

A yi lissafin a ƙasa ko a allo, a tattauna amsar a dandali. Wanda ya karanta ya karanta wa maƙwabcinsa mai babur. Sai wata mai zuwa.